Sunan Kaya Da Ingancinsa: Jan Hankali Ga Mai Saye Da Mai Sayarwa

Gabatarwa

Kowace rana manyan motoci suna fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can a Legas, ɗauke da kwantenoni cike da kayan masarufi. Waɗansu kayan sukan tsaya a kasuwannin Legas, kamar Idumota da Alaba da Agege. Waɗansu kuwa sukan kama hanyar Arewa, su sauka a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari a Kano, su bazu zuwa Sakkwato da Maiduguri, har su ƙetare iyaka zuwa Maraɗi. Kowane katan da kowane buhu da kowace kwalba akwai suna a jikinta. Mai saye a Funtuwa ko Gusau bai taɓa ganin masana'antar da ta yi kayan ba, bai kuma san mai ita ba. Sunan nan kaɗai ya gani ya zaro kuɗinsa.

An shirya wannan bayani ne domin jama'a su fahimci abin da sunan kaya yake nufi, da yadda suna yakan cika gari alhali babu wani abin kirki a bayansa, da kuma hanyoyin da ɗan ƙasa zai bi ya tsare dukiyarsa da lafiyar iyalinsa.

Mene Ne Amfanin Suna A Ciniki?

Sunan kaya alkawari ne. Mai masana'anta yana ce wa mai saye: abin da ka samu jiya shi za ka samu yau, in kuwa ka ga saɓani, ga inda za ka same ni.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro suka yi sansani a Agege, suna ɗaure huhuna suna aikawa Arewa. Wanda zai karɓi huhu a Kano ba ya iya kwance shi ya ƙirga goro ɗaya ɗaya kafin ya biya. Abin da yake dubawa shi ne daga hannun wa kayan suka fito. Idan an san mutum ba ya jera marsa a sama ya cusa minu da mai sankara a ƙasa, to, huhunsa yakan sayu tun kafin a sauke shi. Wanda kuwa aka taɓa kamawa da algus, labarinsa yakan riga kayansa isa kasuwa. Fatoma da dillali su ma da sunansu suke ci, domin su ne suke tsaya wa baƙo.

Haka abin yake ga masana'antu. A Apapa aka kafa masana'antar sabulu ta kamfanin Lever Brothers tun cikin shekarun 1920, a nan kuma injin niƙan alkama na kamfanin Flour Mills ya fara aiki a 1962. Waɗansu sunayen kaya sun daɗe a hannun jama'a har sun shiga harshenmu. Uwargida takan kira kowane garin sabulu omo, kowane ɗanɗanon miya magi, kowane man goge baki makilin. Abin da ya kai su wannan matsayi shi ne an yi shekaru ana saye ana samun abu iri ɗaya.

Dalilin Da Ya Sa Ake Samun Suna Marar Tushe

Gina inganci yana da tsada, yana kuma cin lokaci. Sai an sayi injuna, an ɗauki ƙwararrun ma'aikata, an kafa ɗakin gwaji, an zubar da duk kayan da suka fito da aibi. Buga takarda mai launi kuwa, da yin kwali mai sheƙi, da sayen fili a rediyo ko a Facebook, aikin mako guda ne. Saboda haka mai son ribar gaggawa yakan zuba kuɗinsa a ɓangaren da ido ke gani, ya bar ɓangaren da ido ba ya gani. Hausawa sun ce fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Yana da kyau mai karatu ya lura cewa kayan sayarwa kashi uku ne. Kashi na farko shi ne wanda ake gane kyansa tun kafin a saya, kamar tumatir ko rago. Kashi na biyu sai an yi amfani da shi, kamar sabulu ko batir ko atamfa, wadda wanki ɗaya yakan tona asirinta. Kashi na uku shi ne wanda mutum ba zai iya gane ingancinsa da kansa ba sai ɓarna ta auku, kamar magani, da wayar lantarki da ke binne cikin bango, da man juye, da wurin ajiyar kuɗi. A kashi na uku ne mai saye ya fi dogara ga suna, a nan ne kuma macuta suka fi yin ɓarna.

Suna marar tushe iri uku ne, ga bayaninsu.

Na Ɗaya: Sunan Sata

Wannan shi ne jabu. Wani ya sha wahala ya gina suna, wani ya kwaikwayi tambarinsa ya manna a kan kayan banza. Wani lokaci harafi ɗaya kawai ake canzawa, a bar launi da zane yadda suke, domin an san mai saye da yawa launi yake ganewa.

Misalin da kowace mace ta sani shi ne atamfa. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan ya fara aiki tun 1846, atamfarsa kuma ta yi suna a Afirka ta Yamma. Yau ana kwaikwayon zanensa, har da rubutun bakin zane da takardar da ake mannawa, a sayar a matsayin ta ainihi. Masaƙunmu na gida ma ba su tsira ba. Kaduna ta zama cibiyar saƙa tun da aka buɗe masaƙar farko a 1957, amma kwaikwayon zanen masaƙun gida da fasa-ƙwaurin atamfa mai araha, tare da matsalar wutar lantarki, sun taimaka wajen durƙusar da su, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

Akwai kuma masu tara galan da kwalaben da aka yar, su ɗura gurɓataccen man juye ko turare a ciki su liƙe. Akwai masu juye shinkafar gida a buhu mai sunan ƙasar waje, don sun san waɗansu masu saye sun fi girmama baƙon suna. A nan mai saye ma yana da nasa laifin, domin ya biya ƙarin kuɗi a kan shinkafar Kebbi ko Jigawa wadda da ma mai kyau ce a buhunta.

Mafi muni shi ne jabun magani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma da ake sayarwa a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuwa bai kai ma'aunin da aka ƙayyade ba. Mai zazzaɓin cizon sauro da ya sha irin wannan yana zaton yana jinya, alhali cutar tana ci gaba da cinsa.

Na Biyu: Sunan Da Talla Ta Hura

A nan ba a saci sunan kowa ba. Sunan na mai shi ne, sai dai girmansa ya wuce abin da ke ƙasa, kamar holoƙon hadarin kaka, ga duhu ga iska, babu ruwa.

Bayan da aka haɗe bankunan ƙasar nan a 2005 suka ragu daga 89 zuwa 25, waɗansunsu sun cika gari da talla, sun gina dogayen benaye, sun buɗe rassa ko'ina, har sun karɓi lambobin yabo. Jama'a suka yi ta rububin sayen hannun jarinsu. Ran 14 ga Agusta, 2009, Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu Naira biliyan 420 don kada su rushe. Binciken da aka yi ya nuna sun ba da basussuka masu yawa da ba a biya ba. Masu ajiya sun tsira saboda matakin da aka ɗauka, amma masu hannun jari sun tafka asara. Huɗu daga cikin sunayen nan, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic, babu su a kasuwa yau.

Waɗannan bankuna ne na gaske da suka kauce hanya. Akwai kuma waɗanda tun asali babu komai a bayansu sai suna. Shirin MMM ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata, ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016. Shirin CBEX ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rushe a watan Afrilu na 2025. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Naira 100,000 da ke haihuwar kashi 30 cikin 100 kowane wata za ta haura Naira miliyan 2 da dubu 300 cikin shekara guda. Babu noma ko fatauci ko masana'antar da ke ba da wannan. Kuɗin sababbin shiga ne ake biyan na farko da su, ran da sababbi suka ragu kuwa, sai a rufe ƙofa. Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya.

Irin waɗannan sukan kama ofis mai kyau, su nuna takardar rajistar kamfani a bango. Lalle jama'a su sani cewa rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, tana nuna akwai kamfani mai wannan suna ne kawai. Izinin karɓar ajiyar jama'a daga Babban Banki yake fitowa, izinin harkar zuba jari kuwa daga Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari, wato SEC.

Na Uku: Sunan Da Aka Ci Amanarsa

Wani lokaci kamfanin na gaske ne, kayan ma nasa ne, amma an yi sakaci ko ha'inci a wurin aikin da sunan ya tsaya a kansa.

A ƙarshen 2008 yara suka fara mutuwa a asibitocin Legas da Ibadan da Zariya, ƙodarsu ta daina aiki. Aka gano sun sha wani maganin fitar haƙori da ake yi a Legas mai suna My Pikin, wato ɗana da Turancin buroka. Suna ne mai kwantar da hankalin uwa. Amma a cikin kwalbar akwai dayetilin gilaikol, wani sinadari mai guba da ake sawa a man birki, wanda ya shiga a madadin sinadarin da ya kamata a haɗa maganin da shi. Yara 84 aka tabbatar sun rasu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai. Gwajin kayan haɗi kafin a zuba su a tukunya shi ne aikin da zai hana wannan musiba. Abin baƙin ciki kuma, irin wannan guba ta riga ta kashe yara fiye da 100 a ƙasar nan a 1990 ta hanyar ruwan farasitamol.

Kada a ɗauka wannan halin ƙananan kamfanoni ne kaɗai. Kamfanin motoci na Volkswagen na ƙasar Jamus ya yi shekaru yana tallar cewa motocinsa masu shan gas ba sa gurɓata iska. A 2015 hukumomin Amurka suka gano an sa wa motocin wata dabara da ke rage hayaƙi lokacin gwaji kawai. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya, ya kuma biya tara mai ɗimbin yawa.

A wannan rukuni ne kuma ake sa mai rage awo: buhun da aka rubuta kilo 50 amma bai cika ba, da rodin da aka rage masa kauri, da wayar lantarki da aka rage mata tagulla. Sirantacciyar waya takan yi zafi idan an ɗora mata kaya, daga nan gobara takan tashi a gida ko a kasuwa.

Illar Wannan Ga Ƙasa

Asarar ba ta tsaya kan wanda aka cuta ba. Idan jabu ya yi yawa, mai saye yakan daina yarda da kowa, ya ƙi biyan kuɗin kaya mai kyau don tsoron kada shi ma jabu ne. Mai gaskiya sai ya kasa mayar da kuɗinsa, ya rufe masana'anta ko shi ma ya rage inganci. Ayyukan yi su ragu, harajin gwamnati ya ragu, kayan Nijeriya kuma su rasa daraja a kasuwannin maƙwabta.

Hukumomin Da Gwamnati Ta Kafa

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomi domin wannan aiki, ya kamata kowa ya san su.

Hukumar Kula da Ingancin Kaya, wato SON, an kafa ta a 1971. Ita ke ƙayyade ma'aunin kaya kamar siminti da rodi da waya da taya. Kayan gida da suka cika ma'auni sukan ɗauki alamar NIS, kayan waje kuwa ana neman su zo da takardar shaidar SONCAP.

Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato NAFDAC, an kafa ta a 1993. Ita ke yi wa magani da abincin gwangwani da ruwan leda da kayan shafa rajista. Yaƙin da ta yi da jabun magani zamanin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, sananne ne. A 2010 ta fito da tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a aika ta saƙon waya a sami amsa.

Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, wato FCCPC, dokar 2018 ce ta kafa ta. Dokar ta hana yaudarar mai saye game da kaya, ta kuma ba shi ikon mayar da kayan da suka fito da aibi.

Hukumar Kula da Tallace-tallace, wato ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance talla kafin a watsa ta.

Abin Da Mai Saye Zai Yi

Hukuma ba za ta iya tsayawa a kowane shago ba. Saboda haka ana jan hankalin jama'a ga waɗannan abubuwa:

1. Ka duba sunan masana'anta da cikakken adireshinta. Kayan da ba su faɗi inda aka yi su ba, babu wanda za ka kama in sun cuce ka.

2. Ka duba ranar da aka yi kaya da ranar lalacewarsu, da lambar NAFDAC ko alamar SON. Ka sani ana iya buga lambar ƙarya, don haka in maganin yana da wurin kankarewa, ka kankare ka aika kafin ka bar shagon.

3. Ka sayi magani a kantin magani mai rajista. Maganin da ke yawo a faranti cikin rana, ko na gaske ne, zafi yana iya lalata shi.

4. Direbobi, musamman masu dakon kaya daga Apapa zuwa Arewa, su duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba.

5. Idan farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai da na sauran kasuwa, ka tambayi dalili. Araha ba ta ado.

6. Kafin ka ba wani kuɗinka ya juya, ka tambaye shi sana'ar da ke kawo ribar, ka kuma bincika ko yana da izinin Babban Banki ko na SEC. Ganin wani sananne a cikin talla ba shaida ba ce, domin biyansa aka yi.

7. Ka karɓi rasit ka adana. Ka fasa ko ka huda galan da kwalbar da ka gama da su, kada su koma hannun masu jabu.

8. In an cuce ka, ka kai ƙara ofishin hukumar da abin ya shafa ko wurin shugabannin kasuwa. Shirunka shi ke ba macuci damar cutar na bayanka.

Ga 'Yan Kasuwa Da Masu Sana'a

Yanzu matasa da mata da yawa a Agege da Idi-Araba da Kano da Kaduna suna ƙulla kayansu da sunansu, kamar kilishi da yaji da zuma da turaren wuta da man shafawa. Wannan abin farin ciki ne, gwamnati kuma tana ƙarfafa shi. Shawarar da za a ba su ita ce su fara da gyara kayan kafin su kashe kuɗi a kan kwali da talla. Awo ya zama ɗaya kullum. Abin da aka rubuta a jiki ya zama shi ne a ciki. Kada a ce zuma zalla ce in an haɗa ta da sukari, kada kuma a ce magani yana warkar da cuta goma. Idan tsadar kayan haɗi ta tilasta, gara a ƙara kuɗi a faɗa wa mai saye da a rage inganci a ɓoye.

Mai sana'a ya yi wa kayansa rajista da hukumar da ta dace, ya kuma yi wa tambarinsa rajista a ofishin rajistar tambarin kaya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, sa'an nan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Da wannan takarda ce zai iya kai mai kwaikwayonsa kotu.

Masu shigo da kaya ta Apapa kuwa, da dillalan da ke fitar musu da su, su tuna cewa wanda ya je ƙasar waje ya ce a rage masa ingancin kaya don su yi araha, sa'an nan a buga musu babban suna, shi ne farkon mai laifi. Wayar da ya shigo da ita tana iya ƙarewa a bangon gidan ɗan'uwansa. Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na unguwannin Legas suna da rawar da za su taka, kamar yadda magabatansu suka tsare mutuncin cinikin goro, ta hanyar hana mai algus wurin zama a cikinsu.

Kammalawa

Talla tana iya kawo mai saye sau ɗaya, amma abin da ya tarar a cikin kwali shi zai sa ya komo ko ya ƙaurace. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a gida da kasuwa da tashar mota, domin kowa ya san abin da zai duba kafin ya miƙa kuɗinsa. Tsare kasuwanninmu daga jabu da yaudara aiki ne na gwamnati da jama'a baki ɗaya.